Macijin Kusugu ba ɗan Indiya ba ne: yadda aka zana dabbobi shida a Daura

Aikin hoto shida ne na dabbobi, waɗanda za a buga a manyan takardu a manna a bangon azuzuwan wata firamare a nan Daura, sannan a rage girmansu a saka cikin ɗan littafin karatu. Sharaɗin da aka gindaya mini ɗaya ne: kowace dabba ta zama wadda yaro ya riga ya ji labarinta a gida. Muka tsaya a kan macijin rijiyar Kusugu, doki, kura, Gizo, giwa da gauraka. Mako bakwai aikin ya ci, kuma fiye da rabin kwanakin sun tafi kan maciji da doki.

Kafin fensir ya taɓa takarda akwai maganar da ake gamawa da mai aiki, wato zancen zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa idan hoton na shimfiɗe ne a takarda kuma don karantar da yara. Ba mai zane ke yanke wannan ba. Abin da ke kansa shi ne ya tambaya tun ranar farko, don kada ya kwana goma yana gyara fuskar mahayi daga baya a ce a cire. A wannan aikin an amince da dabbobin, amma aka ce kada a zana fuskar mutum. Shi ya sa mahayin dokina ya ja amawali har saman hanci, abin da ma ya fi dacewa da hawa.

Girman takarda shi ne abu na biyu. Na zana a A3, wato milimita 297 da 420. Hoton bango A2 ne, na littafi kuwa A5, rabin A3 ke nan ta kowane gefe. Wannan lissafin ne ke faɗa maka kaurin layin da za ka ja. Layin alƙalami mai lamba 0.1 idan aka rage shi rabi ya zama 0.05, inji ba zai riƙe shi ba, sai ya fito a gutsuttsure ko ya ɓace gaba ɗaya. Don haka mafi sirantar layi a hotunan nan 0.3 ne, layin jikin dabba kuwa 0.8 ko bakin buroshi.

Kowace dabba sau biyu nake zana ta. Zanen farko na halittarta ne kamar yadda Allah ya yi ta: ƙafa nawa, ina gaɓa take lanƙwasa, ina ido yake. Zane na biyu shi ne dabbar da bakin Bahaushe ya ƙera, wadda ke cikin tatsuniya da kirari da karin magana. Wanda ya tsallake na farko zai fito da dodo. Wanda ya tsaya a na farko kuma hoton littafin kimiyya zai miƙa, yaro ya kalla ya wuce. Babban abin da ke ɓata wa masu zanenmu aiki a matakin farko shi ne waya. Ka rubuta sunan dabba a intanet, hotunan da za su fara fitowa na wata ƙasa ne, mu kuma mu kwafa ba tare da mun duba ba.

Macijin Kusugu ne ya fi shan wannan wulakanci. Labarin kowa ya san shi: maciji mai suna Sarki ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya iso da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya karɓi guga ya je ya kashe macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, daga baya ya auri Magajiya Daurama. Labarin bai faɗi irin macijin ba. Sai ka ga an zana shi da tambari mai kamar tabarau a bayan wuya, wanda alamar macijin Indiya ce, irin wanda ake busa wa sarewa. Wasu ma har ƙaho da gashin baki suke sa masa irin na dodon Sin. Babu ɗayansu da ya taɓa shan ruwan Kusugu.

Na jera macizan ƙasarmu na auna. Kasa gajera ce mai kauri, ga barci, ba ta da siffar mai tsare rijiya. Kububuwa ta fi su kisa a karkara amma ƙarama ce, ba za ta cika takarda ba. Mesa tana da girma kuma tana son wurin ruwa, sai dai ba ta tashi tsaye ta fuskanci mutum. Masu fasa kai ne suka rage, wato dangin kumurci da gamsheƙa, kuma su na ɗauka, na ara wa jikin ɗan kauri daga mesa don yaron da ke bencin baya ya gane cewa wannan ba macijin bayan ɗaki ba ne.

Ga abubuwan da ake kuskurewa a jikin irin wannan maciji. Fasa kan nan haƙarƙarin wuya ne ke buɗewa, don haka faɗin yana farawa ne daga bayan kai, ya kai iyakarsa, ya sake tsukewa a hankali. Kan kansa ƙarami ne, ba ya buɗewa. Abin da yake ɗagawa daga ƙasa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na tsawonsa. Idan ka ɗaga rabi, hoton zai yi kamar zai kife. Ƙwayar idonsa zagayayya ce. Mai tsaga a tsaye irin ta kyanwa ta kasa ce da kububuwa da mesa. Maciji ba shi da fatar ido, saboda haka ba ya runtsawa, ba ya harara. Haƙoran dafinsa gajeru ne a kafe. Dogayen nan masu kamar lauje na kasa ne. Harshe kuma ta wata 'yar kafa a leɓen sama yake fitowa baki a rufe, ba sai ya wangale ba. Saɓar ciki faffaɗa ce a gicciye kamar matakala, ta baya ƙanana ce a jere a karkace.

Saɓar bayan nan ita ce ta cinye mini kwana biyu a banza. Na zana kowace ɗaya, sama da layi arba'in, da na ja baya na duba sai na ga buhun algarara. Gyaran shi ne a ja layukan jagora da fensir mai tauri, 2H, a karkace ta ɓangare biyu, suna bin lanƙwasar jiki, amma a sa tawada a wurin da haske ya bugi jikin kawai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran a bar shi baƙi wuluk. Ido da kansa zai cike ragowar.

To ina Sarki a cikin wannan macijin? Da farko na ɗora masa rawani. Ya zama abin dariya, kuma a garin da ke da sarki a fadar Kangiwa ba kowa zai ɗauke shi wasa ba. Na goge. Sarautar sai na mayar da ita cikin zama da launi. Ya naɗe bakin rijiyar zagaye uku, ya tashi daga tsakiya, kansa ya ɗan sunkuyo yana duban ƙasa kamar mai sauraron gaisuwa, kuma na sa idon mai kallo a ƙasa, daidai tsayin yaro. Baƙin jikinsa na ba shi ƙyallin shuni irin na rawani ɗan Kura, wanda aka buga har ya ɗauki ido. Babu wanda ya tambayi ina rawanin.

Rijiyar ma tana da tarko. Kusugu a yau cikin gini take, an gyara bakinta da kayan zamani. Wanda ya ɗauki hotonta ya kwafa zai sa Bayajidda ya tsaya a kan siminti. Na fita ƙauye na zana tsohuwar rijiya mai itatuwa a gicciye a baki, waɗanda igiya ta ci har ta yi musu kwari. Waɗannan kwaruruwan su ne shaidar tsufa, kada a manta da su. Guga kuma wasaki ne na fata, ba bokiti ba. Na jefar da shi a gefe igiyarsa a warwatse, da tulu biyu a kife, don a ga cewa wani ya zo ya gudu. Wannan ya isa ya ba da labarin ba tare da mutum ko ɗaya a hoton ba.

Doki ya fi maciji wuya, don a ƙasar nan kowa alƙali ne a kansa. Mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba yana kallon hawan Sallah da na Gani tun yana goye. Ma'aunin da masu zane ke bi shi ne tsawon kai: daga ƙasa zuwa doron kafaɗa kai biyu da rabi, daga ƙirji zuwa gindin wutsiya ma kusan haka, wato gangar jiki da ƙafafu suna shiga cikin murabba'i. Idan doki ya fito kamar jaki, duba kan, ya yi girma. Idan ya fito kamar kare, ƙafafun sun gajarce daga gwiwa zuwa kofato. Ido a gefen kai yake, wajen kashi ɗaya cikin uku daga kunne, ba a goshi ba.

Nan ma waya tana yaudara. Dokin Larabawa da ke cika hotuna karan hancinsa a lotse yake, wutsiya a ɗage. Dawakin da ake hawa a nan yawanci karan hancinsu a miƙe yake ko ma ya ɗan yi doro, ƙugu a zube, wutsiya a ƙasa. Filin folo ma ba wurin ɗaukar samfur ba ne, duk da cewa Katsina gidan folo ce tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Da yawa daga dawakin folo na yanzu daga Ajantina ake kawo su, an aske musu geza, an naɗe wutsiya. Barga za ka je. Don ganin tsofaffin kayan doki kuwa, hotunan babban hawan da aka yi a Kaduna a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila suna da amfani ƙwarai.

Na yi safiya huɗu a wata barga, daga bayan asuba zuwa hantsi, ina zanen minti biyu-biyu a takarda mai arha. Doki ba ya tsaya maka, don haka layin baya da inda ƙafafu suka dafa ƙasa kawai ake kamawa. A rana ta huɗu na nuna wa dattijon da ke kula da dawakin cikakken zanen da na yi a gida. Ya riƙe takardar da nisa, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan mahayin naka gida zai koma a ƙasa."

"Me ya faru, Baba?"

Ya sa farce a tsakiyar cikin dokin. "Majanyi a nan? Nan ai tumbi ne. Matso da shi bayan ƙafar gaba. Kuma wannan likkafar ta 'yan sanda ce."

Gaskiyarsa. Likkafar da na zana 'yar zobe ce da yatsun ƙafa kawai ke shiga. Tamu faffaɗa ce mai tsawo, tafin ƙafa duka ke zama a ciki. Ya ɗauko sirdi ya ɗora a kan turmi ya nuna mini yadda gabansa da bayansa suke a tashe, mahayi yana zaune a tsakani kamar cikin akushi, da yadda jalala ke rufe shi, da inda kamazuru ke kama linzami. Takobi kuma miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, a rataye da hamila daga kafaɗa, ba lanƙwasasshe a ɗamare a ƙugu ba. Da ya ga na rubuta "fari" a gefen takarda sai ya ce a barga ba a cewa haka, kili ake cewa, kamar yadda baƙi yake akawal. A ƙarƙashin hoton kili na sa aka rubuta.

Lifidi na so in sa, don ya fi kyau a ido, amma yana rufe dokin har gwiwa, yaro ba zai ga dabbar ba. Na bar shi ga wani ƙaramin mahayi can baya, da kwalkwalinsa. Tsayuwar da na zaɓa ita ce ƙarshen sukuwa, lokacin da mahayi ya ja linzami a gaban sarki ya yi jinjina: ƙafafun baya sun shige ƙarƙashin ciki, ƙugu ya zauna, na gaba sun tashi kaɗan, baki a buɗe, ƙura ta wuce su ta yi gaba. Ƙurar nan da busasshen buroshi ake yin ta, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a ja ta gefen da dokin ya nufa.

Kura ta zo da sauƙi, don masu wasa da ita suna zagayowa kasuwanni, ana iya zama a zana ta a kusa, sai dai a tuna takunkumi yana ɓoye faɗin muƙamuƙi. Abin lura shi ne kada a haɗa ta da sayaki. Kura mai ɗigo-ɗigo ce, kunnuwa zagayayyu, wuya kakkaura. Sayaki mai ratsi ne, kunnuwa masu tsini, da geza har gadon baya. Dukansu ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, baya ya zube, kuma yatsu huɗu ne a kowace ƙafa. Wanda ya daidaita ƙafafun ya zana kare. Halinta kuwa an riga an faɗa mana: ga tsoro ga ban tsoro. Na raba mata jiki biyu. Kai da wuya sun miƙe gaba wajen wani ƙashi, yawu na zuba, amma wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi, ƙafar baya ɗaya ta riga ta juya hanyar gudu, ido ɗaya yana satar kallon baya.

Gizo shi ne wanda ba shi da samfur. A tatsuniya yana noma, yana auren Ƙoƙi, yana zuwa fada, yana magana da tsamin baki, ba wanda ya tsaya ya ƙirga masa ƙafa. Masu zane sukan ɗauko gizon mutanen Gana da tufafinsu, ko su zana mutum sak su manna masa ƙafafu a baya. Ni na tsaya a kan halittar gizo-gizo: jiki kashi biyu, ƙafa takwas, dukansu daga kashin gaba suke fitowa, ba daga tulun ciki ba. Sai na raba musu aiki. Huɗu yana tsaye a kansu. Ɗaya ta saɓa fartanya, ɗaya tana gaisuwa a ƙirji cikin ladabi, biyun da suka rage suna bayansa suna tura damin gyaɗa cikin rami. Na sa masa hula haɓar-kada da ta yi masa yawa. Idanu biyu manya, sauran ƙananan ɗigo a goshi. Shi kaɗai ne a cikin shidan na yarda ya yi murmushi.

Giwa da gauraka rana ɗai-ɗai suka ci. Giwarmu kunnenta babba ne ya rufe kafaɗa, bayanta a lotse, bakin haurenta a gaba, kuma ƙarshen hancinta yatsa biyu ne. Ta Indiya kunne ƙarami, baya a dore, yatsa ɗaya. Gauraka kuma iri biyu ne. Wanda ke tutar Yuganda toka-toka ne mai jan leɓe babba a maƙogwaro. Namu jikinsa ya fi duhu, kumatunsa fari a sama ja-ja a ƙasa, leɓen ɗan ƙarami. Tukkun kansa tsinke-tsinke ne ruwan zinariya, da alƙalami ake jan su ɗaya-ɗaya daga tushe zuwa waje.

Da fensir ya kammala, ba a kan wannan takardar ake sa launi ba, ta sha gogewa ta yi laushi. Na manna ta a gilashin taga da rana, na ɗora takardar fenti mai nauyin giram 300 a kai, na bi layin da fensir HB a hankali ba dannawa. Takardar da ba ta kai giram 200 ba tana kumbura ta yi tudu da kwari da zarar ta sha ruwa.

Tawadar layi irin ta makarantar allo na haɗa, don baƙinta ba ya ƙyalli kuma yana da ɗan rai a gefe. Cokali ɗaya na dakakken ƙaro a cikin cokali huɗu na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace da ƙyalle. A zuba cokali biyu na baƙin hayaƙin fitila, a ɗiga masa ɗan sifirit don ba ya son haɗuwa da ruwa, a niƙa da bayan cokali a faranti na minti ashirin. A gwada a gefen takarda. Idan ya bushe ka shafa ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Idan ya yi sheƙi yana tsagewa in an lanƙwasa takarda, ƙaro ya yi yawa. Ƙwayar kanumfari biyu a cikin kwalbar tana rage saurin funfuna.

Aibin wannan tawada shi ne aibin da ya sa take da amfani a allo: ruwa yana wanke ta. Na manta da haka a hoton kura, na ja layi na bi da launi, fuskar ta narke ta zama taɓo. Da tawadar gida, launi ne farko, ya bushe sarai, layi ya zo ƙarshe. Wanda yake son fara layi sai ya sayi tawadar kanti wadda ruwa ba ya ɗagawa.

Launi huɗu na tsayar wa duka hotunan don su zama 'yan gida ɗaya: shuni, jan karan dafi, rawayan gangamau, da ruwan ƙasa. Shuni ba ya narkewa a ruwa, niƙa shi ake yi da ruwan ƙaro kamar tawada. Karan dafi sai an jiƙa shi da ɗan ruwan kanwa jansa ke fitowa. Amma kada buroshin da ya taɓa kanwa ya shiga gangamau, nan take rawayan zai koma ja-ja. Kofi daban, buroshi daban. Karan dafi da gangamau duka suna koɗewa a rana, gangamau ma cikin 'yan kwanaki, don haka da an gama hoto a rufe shi a ɗauki sikaninsa a makon. Na yi aikin a hunturu, iska tana busar da fenti kafin ka kai ƙarshen jikin dabba, sai ya bar layi a tsakiya. Maganinsa a jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, a haɗa launin da zai isa tun farko, a jingina allon zanen ya ɗan karkata, a bi daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa. Taga kuma a rufe, in ba haka ba ƙura ta zauna a ɗanyen fenti ta zama yashi.

Kowane hoto na kewaye shi da ado mai faɗin santimita biyu da rabi, daga dagi da aska irin ta wuyan riga da zanen bangon soro. Allon zayyana ma ya ba ni siffofi, amma siffar kawai na ɗauka. Ba aya, ba hatimi, ba sunan Allah. Takardar makaranta ƙarshenta hannun mai ƙosai ne.

Na'urar sikanin da na samu ta A4 ce, saboda haka kowane hoto sau biyu aka ɗauka, rabi da rabi, don haɗawa a kwamfuta. A ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, don idan aka faɗaɗa zuwa A2 ya rage sama da 400, ya wuce 300 da maɗaba'a ke nema. Kada a juya takardar kai-ƙasa a ɗauka ta biyu. Fitilar na'urar ta gefe ɗaya take haskawa, idan ka juya, ƙurajen takardar za su yi inuwa ta ɓangare biyu, mahaɗin ya fito fili kamar ɗinki. Na haɗa na share ƙura a manhajar zane ta Krita, ina adanawa bayan kowane gyara saboda ɗauke wuta.

Wajen bugu ne shuni ya ba ni kunya. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada huɗu, CMYK, wato shuɗi (C), ja-ja (M), rawaya (Y) da baƙi (K). Na tura fayil ɗin yadda yake, na bar wa maɗaba'ar ta juya da kanta, gwajin farko ya dawo macijin Kusugu ya zama ruwan makuba mai ja-ja kamar an jiƙa shi a zoɓo. Jan da ke cikin shuɗin ne ya yi yawa. Na juya fayil ɗin da kaina, na tsayar da shunin a wajen C100 M75 Y10 K35, baƙin jikin kuma C60 M40 Y40 K100 don ya yi zurfi. Rubutun ƙasan hoto K100 kaɗai, domin ƙananan haruffa masu tawada huɗu suna yin inuwa idan farantan inji suka ɗan goce. A duba ƙ da ɗ da ɓ a takardar gwaji harafi-harafi. Yawancin masu bugu da manhajar CorelDRAW suke buɗe aiki, idan ba su da irin rubutunka sai "ƙura" ta koma akwati da "ura". A mayar da rubutun zane kafin a tura, a tura PDF. In ta WhatsApp ne, a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don yana matse hoto ya kashe ƙananan layuka.

Sai bakin yanka. Ana barin milimita 3 na launi ya zarce iyakar takarda ta kowane gefe, adon gefe kuma ya shigo ciki da aƙalla milimita 8. A gwajin farko milimita 4 na bari, wuƙar ta ɗan goce, dagin hagu ya fi na dama siranta, kuma da ido ya gani ba ya daina gani.

Gwaji na biyu na kai ajin 'yan shekara bakwai zuwa takwas na rufe sunayen da takarda, na ɗaga ɗaya-ɗaya daga gaban allo. Maciji, doki, kura da giwa ba a yi gardama ba. Wata yarinya ma ta ce macijin na Kusugu ne tun ban tambaya ba, ta nuna wasakin. Gizo sai da suka ga gyaɗar suka fashe da dariya. Gauraka ne ya raba ajin, 'yan bencin baya suka ce zabo ne. Na koma can na tsaya na duba: tukkun ya narke cikin rawayan sararin da ke bayansa, wuyan kuma ya gajarce. Na sauya bayan zuwa shuni mai haske, na ƙara wa wuya santimita biyu a zanen A3, na kaurara tsinken tukku daga 0.3 zuwa 0.5, aka sake fitar da farantin wannan hoton kaɗai kafin a saki inji.